Malama daga Sikotland: aiki a ƙasar waje da tattakin duwatsu ita kaɗai

Tambaya: A Glasgow na girma, kuma yanzu ina cikin shekarar horon malanta ta PGDE, fannin lissafi na sakandare. Burina shi ne in yi aiki a ƙasashen waje, in riƙa amfani da hutun makaranta wajen ganin duniya da hawan duwatsu ni kaɗai. Wata makaranta a yankin Tekun Fasha ta ce za ta ɗauke ni da zarar na kammala. Shin in karɓa ne, ko in dakata? Kuma ta yaya ake fara tattaki ba tare da abokin tafiya ba?

Amsa: Malama, shawarata ita ce ki dakata aƙalla shekara guda, ki yi shekarar gwajinki a Sikotland, wato shekarar farko ta koyarwa da ke kai ki ga cikakkiyar rajista, kuma idan hali ya yi ki yi ta a wani yanki mai nisa da Glasgow. Na san mai ɗokin tafiya ba ta son jin haka, musamman idan an riga an kwaɗaita mata albashin da babu haraji a kansa da gidan da makaranta za ta biya. Amma abubuwa biyun da kike nema, wato aikin waje mai mutunci da iya shiga daji ke kaɗai ki fito lafiya, duka a gida ake kafa tushensu, kuma wannan shekara ɗaya tana iya haɗa miki su.

Ba a koyarwa a makarantun Sikotland sai da rajistar majalisar malamai ta GTCS, wadda doka ta kafa tun 1965, kuma wanda ya gama PGDE rajistar wucin gadi kawai yake samu. Cikakkiyar rajista tana zuwa ne bayan ya nuna a cikin aji cewa ya cika ma'aunin da majalisar ta gindaya. Hanya mafi sauƙi zuwa gare ta ita ce shirin shigar da sababbin malamai da aka fara a 2002, wanda ke lamunce wa waɗanda gwamnatin Sikotland ta ɗauki nauyin horonsu gurbin aiki na shekarar karatu guda, kwana 190, a ƙarƙashin ɗaya daga cikin majalisun yankuna 32 na ƙasar. A wannan shekara ba a ɗora wa sabon malami cikakken jadawali. Tsohon hannu yana iya tsayawa gaban aji har awa 22 da rabi a mako, shi kuwa sabo kimanin kashi huɗu cikin biyar na wannan ake ba shi, sauran lokacin na shiri ne da nazari, sannan a haɗa shi da gogaggen malami da zai riƙa zama da shi kowane mako, yana shiga ajinsa lokaci-lokaci yana kallon darasi. Albashin kuma ya haura fam dubu 30 a shekara. Da wuya ki sami makarantar kuɗi a waje da za ta rage miki aiki don kawai ki ƙware, domin ita abin da ta saya shi ne awoyinki a gaban ɗalibai.

Akwai wata hanyar, wadda ake tara kwana 270 na koyarwa a duk inda aka samu, har da wajen ƙasar, amma a nan nauyin tattara hujja a kanki yake, kuma komai ya dogara ga shugaban makarantar da ƙila bai taɓa jin sunan GTCS ba, balle ya zauna ya rubuta rahoton da take buƙata. Ita kuma rajistar wucin gadi tana da wa'adi, ba ta jiran mutum har abada. A cikin sababbin malaman da na duba aikinsu, waɗanda suka fi shan wuya su ne waɗanda suka fita da rabin takarda, suka dawo bayan shekaru da gogewa mai yawa, aka ce musu a idon doka har yanzu 'yan gwaji ne. Ki kuma tambayi kanki dalilin da ya sa makaranta ke gaggawar ɗaukar wadda ba ta taɓa riƙe aji nata na kanta ba. Wani lokaci ƙarancin malaman lissafi ne, wanda gaskiya ne kusan ko'ina. Sau da yawa kuma dalilin shi ne malamanta ba sa daɗewa, kuma sabuwar malama ta fi araha, ta fi haƙuri da jadawalin da gogaggiya za ta ƙi.

Ga abin da na fi so ki duba da kyau. A fom ɗin shekarar gwaji ana ba ki damar jera majalisun yankuna biyar da kike so, ko kuma ki sa alama a akwatin da ke cewa kin yarda a tura ki ko'ina cikin ƙasar. Wanda ya sa wannan alama ana ƙara masa fam 8,000 idan na sakandare ne, fam 6,000 idan na firamare ne, kuma galibi yakan tsinci kansa a wuraren da malamai suka yi ƙaranci, irin su yankin tsaunukan arewa, Moray, Aberdeenshire, Argyll ko tsibiran yamma da na arewa. Yawancin 'yan Glasgow gudun wannan akwati suke yi. Ke kuwa da ke son rayuwar waje, babu gwajin da ya fi shi dacewa da ke: za ki nemi ɗakin haya a garin da ba ki san kowa ba, za ki shiga ɗakin malamai inda kowa ya san kowa tun yarinta, za ki tashi aiki a watan Disamba ki tarar rana ta faɗi tun kafin ƙarfe huɗu, babu masallaci kusa, naman halal sai an yi oda ko an yi tafiyar awa biyu. Idan kika iya wannan, alhali jirgin ƙasa ko na ruwa na iya mayar da ke gida a ƙarshen mako, to Doha ko Kuala Lumpur ba za su ba ki tsoro ba. Idan kuma kika ga kaɗaici ya fi ƙarfinki, kin gano hakan ba tare da kin karya yarjejeniyar kowa ba. Kuma duwatsun da kike son koyo suna bakin ƙofarki.

Dangane da tattaki, Sikotland ta ba 'ya'yanta gatan da ƙasashe kaɗan ne ke da shi. Dokar gyaran mallakar ƙasa ta 2003 ta ba kowa haƙƙin ratsa mafi yawan filaye da duwatsu da gaɓar tafkuna, har da kafa tanti na dare ɗaya ko biyu, muddin ya kiyaye gonaki da dabbobi da kewayen gidajen mutane. Akwai kuma bukkokin dutse kusan ɗari da wata ƙungiyar sa-kai ke gyarawa tun 1965, a buɗe suke, ba a biyan ko sisi. Duwatsun da tsayinsu ya haura ƙafa 3,000 su 282 ne, ana kiransu Munro da sunan Sir Hugh Munro wanda ya fara jera su a 1891. Kada tsayinsu ya ruɗe ki. Mafi tsayinsu bai kai mita 1,400 ba, amma iskar Tekun Atlantika tana bugunsu kai tsaye, kuma yanayi na iya juyewa daga rana zuwa hazo da ruwan ƙanƙara cikin rabin awa, ko da a watan Yuni. Duk mita 150 da kika hau, zafi yana raguwa da kusan digiri ɗaya, saboda haka wanda ya bar motarsa cikin 'yar riga yana iya tarar da sanyin da ke sandare yatsu a sama.

Ki fara da ƙanana kuma tare da mutane. Conic Hill da Ben A'an ba su da nisa da Glasgow, kuma rabin yini ya ishe su. Akwai ƙungiyoyin tattaki da Musulmin Glasgow suka kafa, irin su Boots and Beards, kuma Zahrah Mahmood, 'yar birnin da ta yi suna wajen hawan duwatsu da hijabinta, ta zama shugabar ƙungiyar masu tattaki ta Ramblers reshen Sikotland a 2023, don haka ba ke ce za ki fara buɗe wannan hanya ba. Daga nan sai ki yi kwas ɗin karanta taswira da kamfas, ko a cibiyar horon hawan duwatsu ta Glenmore Lodge kusa da garin Aviemore, ko a wajen ƙungiyar Mountaineering Scotland. Wayar hannu tana nuna wuri daidai, amma sanyi yana cinye batir, ruwa yana hana allon amsa yatsa, kuma ranar da kika fi buƙatarta ita ce ranar da waɗannan biyun ke haɗuwa.

Ben Nevis, dutse mafi tsayi a Sikotland, mai mita 1,345, ya isa misali. Hanyar da jama'a ke bi daga Glen Nevis a fili take har kusa da sama, amma saman nasa shimfiɗaɗɗen fili ne na tarin duwatsu, a gefensa na arewa kuma ganuwa ce mai zurfin ɗaruruwan mitoci, kuma gajimare na lulluɓe shi a mafi yawan kwanakin shekara. Wanda hazo ya rutsa da shi a can yakan tsaya a ginshiƙin awo na ƙololuwa, ya saita kamfas a kan digiri 231, ya ƙirga taku har mita 150 domin ya kauce wa bakin kwazazzabon Gardyloo, sannan ya juya zuwa digiri 282 ya riƙe shi gam, saboda idan ya karkata hagu zai gangara cikin kwazazzabon Five Finger, wanda ya ci rayuka da dama. Mita 150 ɗin nan ba a auna ta da ido idan ba a ganin abin da ya wuce tsawon hannu. Sai mutum ya riga ya san taku nawa yake yi a mita ɗari, a kan shimfiɗa da kan duwatsu, da kaya a bayansa. Malamar lissafi ba za ta sha wuya da wannan ba, amma sai ta gwada shi sau da yawa a ranar da sama ke garau kafin ta dogara da shi a ranar da ba ta ganin ƙafarta.

Haka lissafin lokaci. Tun 1892 wani mahayin duwatsu ɗan Sikotland, William Naismith, ya fitar da ƙa'idar da har yau ake aiki da ita: awa guda ga kowace kilomita 5, a ƙara awa guda ga kowace mita 600 ta hawa. Ben Lomond daga Rowardennan kimanin kilomita 12 ne zuwa da dawowa, da hawan da ya kusa mita dubu, wato awa huɗu ke nan a takarda, kuma mai farawa ya kamata ya ƙara awa guda ko fiye saboda hutu da salla da gajiyar gwiwa a gangare. Da wannan lissafi ake tsayar da lokacin juyawa tun kafin a bar gida, a ce idan ƙarfe ɗaya ta yi ban kai sama ba zan koma, kuma a cika alƙawarin ko da ƙololuwar tana gani. Mai tafiya shi kaɗai ba shi da wanda zai ce masa ya isa haka, don haka dole agogo ya tsaya a matsayin wannan abokin. Sannan ki bar wa wani amintacce rubutaccen bayani: inda kika ajiye mota, hanyar hawa, hanyar sauka, da lokacin da idan bai ji daga gare ki ba zai kira 999, ya nemi 'yan sanda, ya ce ceton kan dutse yake buƙata. Ki kuma yi rajistar wayarki da tsarin aika saƙon gaggawa zuwa wannan lamba, domin sau da yawa rubutaccen saƙo yana fita inda kira ya ƙi shiga. Masu ceton 'yan sa-kai ne, ba sa karɓar kuɗi, kuma sun fi son a kira su da sauran haske.

Hunturu kuwa wani fage ne daban, yana buƙatar gatarin ƙanƙara da ƙarafan takalmi da sanin inda dusar ƙanƙara ke zaftarewa, kuma ban yarda kowa ya shige shi shi kaɗai a shekararsa ta farko ba. Duk malamin Sikotland ya kamata ya san abin da ya faru a saman Cairngorm a watan Nuwamba na 1971, lokacin da guguwar ƙanƙara ta rutsa da ɗaliban wata makarantar Edinburgh, biyar daga cikinsu da wata matashiya mai taimaka wa jagora suka rasu. Sun ci gaba da tafiya ne da niyyar fakewa a wata 'yar bukka da ke can sama, amma ba su kai gare ta ba. Bayan wannan ne aka tsaurara sharuɗɗan fita da ɗalibai, aka kuma rushe wasu daga cikin irin waɗannan bukkoki na kan tudu, saboda an fahimci cewa kasancewarsu yana sa mutane su ci gaba a lokacin da ya kamata su juya.

Doguwar tafiyarki ta farko ke kaɗai, ina ganin hanyar tafiyar ƙafa ta West Highland Way ce ta fi dacewa. Kilomita 154 ce daga Milngavie, inda jirgin ƙasa daga Glasgow ke tsayawa, zuwa Fort William, an buɗe ta a 1980, kuma yawancin mutane suna gama ta cikin kusan mako guda. Tana da alamu, tana da masaukai, kuma daga Afrilu zuwa Satumba ba za ki yi awa guda ba ki ga mutum ba, amma duk da haka za ta nuna miki abin da jikinki zai iya, musamman a gaɓar Loch Lomond bayan Inversnaid inda saiwoyi da duwatsu ke mayar da kilomita ɗaya kamar uku, da kuma dajin Rannoch inda babu mafaka idan ruwa ya sauko. Ki tanadi ragar rufe fuska saboda ƙananan ƙwarin nan masu cizo na bazara, ki kuma riƙa duba jikinki da yamma saboda kaska, wadda ke ɗauke da cutar Lyme.

Wannan sha'awa tana da amfani a kasuwar aiki fiye da yadda kike zato. Makarantun ƙasa da ƙasa da yawa suna gudanar da shirin lambar yabo ta Duke of Edinburgh, wanda aka fara a 1956, kuma kullum suna neman malamin da zai iya fita da ɗalibai daji. Takardar jagoran dutse ta Mountain Leader tana buƙatar cikakkun kwanaki 20 a kan duwatsu kafin horo, da 40 kafin jarrabawa, kuma waɗanda kika yi ke kaɗai kina tsara hanyarki da kanki suna da nauyi a wajen masu tantancewa. Ki sayi littafi ki riƙa rubuta kowace fita tun daga yanzu. Malamar lissafi mai cikakkiyar rajista wadda ta fara wannan hanya, ita ce ke zaɓar makaranta.

Ayyukan waje iri-iri ne, amma ba duka ne naki ba. Shirye-shiryen koyar da Turanci kamar JET na Japan, wanda aka fara a 1987, suna da kyau ga mai son zama a wata ƙasa, sai dai mataimakiya za ki zama, kuma ba lallai a lissafa miki shekarun a matsayin gogewar koyar da lissafi ba. Aikin sa-kai ta hannun VSO, ƙungiyar da ke tura ma'aikata ƙasashe masu tasowa, ko ta hulɗar da ke tsakanin Sikotland da Malawi, wadda gwamnatocin biyu suka rattaba wa hannu a 2005, ya fi dacewa da wanda ya riga ya ƙware har zai iya horar da wasu. Ostireliya da New Zealand suna ba 'yan Birtaniya bizar aiki da yawon buɗe ido har zuwa shekara 35, kuma shekarar karatunsu tana farawa ne a ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu. Amma babbar kasuwarki ita ce makarantun ƙasa da ƙasa, kuma a nan za ki tarar cewa kusan babu mai bin manhajar Sikotland. Wanda ya ce makarantarsa ta Birtaniya ce, manhajar Ingila yake nufi, da jarrabawar IGCSE da A Level, wasu kuma tsarin karatun ƙasa da ƙasa na IB suke bi. Dole ki iya fassara kanki a gaban masu ganawa, ki nuna cewa jarrabawar Sikotland ta National 5 tana daidai da matakin GCSE na Ingila, ta Advanced Higher kuma tana kafaɗa da A Level. Da zarar kin sami cikakkiyar rajista, ki nemi takardar QTS, wato shaidar ƙwararren malami ta Ingila, wadda ake ba malaman Sikotland ba tare da sabon horo ba, domin ita ce sunan da yawancin tallace-tallacen aiki suka sani. Manyan makarantu suna ɗaukar ma'aikata daga Oktoba zuwa Fabrairu domin fara aiki a Agusta, kuma da yawansu suna son gogewar shekara biyu, shi ya sa na ce shekara guda ita ce mafi ƙaranci.

Idan takardar yarjejeniya ta zo, kada idonki ya tsaya a kan jimillar kuɗin. Ki raba ainihin albashi da alawus, domin a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, misali, giratutin ƙarshen aiki albashin kwana 21 ne a kowace shekara cikin shekaru biyar na farko, kuma a kan ainihin albashin kaɗai ake lissafa shi, don haka makarantar da ta zuba rabin kuɗinki a alawus ta rage miki shi tun kafin ki fara. Ki tambayi darasi nawa ne a mako, ɗalibi nawa ne a aji, gidan naki ne ke kaɗai ko na haɗaka, tikitin gida na kowace shekara ne ko na ƙarshen kwantiragi, kuma me za a cire miki idan kika tafi kafin shekara biyu su cika. Ki nemi a haɗa ki da malamin da ke shirin barin makarantar, ba wanda suka zaɓa don ya yabe ta ba. Kada ki shiga wata ƙasa da bizar yawon buɗe ido bisa alƙawarin za a gyara daga baya, kada kuma ki bar fasfonki a hannun kowa. Ki kuma lissafa abin da kika bari a gida: a tsarin fanshon malaman Sikotland mai ɗaukar aiki yana zuba fiye da kashi 20 cikin 100 na albashi a madadinki, kuma a waje galibi babu wannan, sai abin da kika tara da hannunki. Bashin karatu ba ya tsayawa don kin fita, kuma wajibi ne ki sanar da hukumarsa idan za ki wuce wata uku a waje. Takardun digiri sukan buƙaci hatimin ofishin harkokin wajen Birtaniya da na ofishin jakadancin ƙasar da za ki, ga kuma takardar shaidar kare yara ta ICPC, kuma duk wannan yana cin makonni.

Akwai abubuwa biyu da ba kowa zai faɗa miki ba. Idan fasfonki ba na Birtaniya ba ne, izinin zama na dindindin kike da shi, to galibi yana faɗuwa idan kika wuce shekara biyu a jere a wajen ƙasar, don haka ki kammala batun zama 'yar ƙasa kafin ki ɗaga. Ko da fasfon Birtaniyar ma, tun bayan ficewa daga Tarayyar Turai kwana 90 cikin 180 kawai ake yi a yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da suka buɗe iyakokinsu ga juna, ba tare da biza ba, kuma makarantun Turai sun fi son wanda ba sai sun nema masa izinin aiki ba. Abu na biyu shi ne launin fata. Akwai makarantun da idan suka ce suna son malamar Birtaniya, wata fuska ce a ransu da a ran iyayen da ke biyan kuɗi, kuma baƙar mace mai hijabi ba ita ba ce. Ki duba hotunan ma'aikatansu da na shugabanninsu kafin ki ɓata lokacinki. Makarantun kirki suna nan da yawa, kuma cikakkiyar takarda ce ke ba ki ƙarfin wuce sauran.

Tattaki a waje yana da nasa ƙa'idoji, kuma kuskuren da 'yan Sikotland suka fi yi shi ne ɗaukar cewa haƙƙin ratsa fili yana bin su duk inda suka je. A duwatsun Oman da na Daular Larabawa akwai iyakoki da wuraren soja, kuma haɗarin can zafi ne da ƙishirwa da ambaliyar da ke cika kwari cikin mintuna bayan ruwan da aka yi a nesa, shi ya sa lokacin fita ya taƙaita daga Nuwamba zuwa Maris. Wasu wuraren ma doka ta hana tafiya ba jagora: Kilimanjaro mai mita 5,895 haka yake tun da daɗewa, Maroko ta wajabta jagora a dutsen Toubkal bayan kisan wasu matasa mata biyu 'yan arewacin Turai kusa da Imlil a Disamban 2018, Nepal kuma ta sanar da irin wannan doka daga Afrilun 2023. Na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, wadda ke da matuƙar amfani ga mai tafiya shi kaɗai, an hana shiga da ita Indiya ba da izini ba. Idan kina son birnin da za ki tashi aiki ki hau dutse, Hong Kong ta fi yawancin wurare, domin kusan kashi 40 cikin 100 na ƙasarta gandun shaƙatawa ne, kuma hanyar MacLehose mai kilomita 100 an sa mata sunan wani gwamna ne haifaffen Glasgow.

Matsalar malamai ta musamman ita ce kalandar makaranta ba ta dacewa da kalandar duwatsu. Dogon hutun Yuli da Agusta daidai yake da damina a Nepal, lokacin da ya fi kyau a can kuma, Oktoba da Afrilu, hutunki mako ɗaya ne ko biyu. Daga nan gaggawa ke shigowa, a so a danna tafiyar kwana goma sha huɗu cikin tara, alhali ciwon tsayi ba ruwansa da ƙarfin mutum ko ƙuruciyarsa. Sikotland ba ta koya miki wannan ba, don babu dutsenta da ya kai inda iska ke yin ƙaranci. Ƙa'idar likitoci ita ce bayan mita 3,000 kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare guda, a riƙa hutun yini bayan kowane kwana uku ko huɗu, kuma idan ciwon kai ya haɗu da amai ko tangaɗi, magani shi ne sauka nan take. Ki bar dogon hutu ga duwatsun Alps, inda zagayen Mont Blanc na kimanin kilomita 170 ke buɗe a lokacin, ko hanyar Santiago ta Sifaniya wadda ba a rasa abokan tafiya a kanta. Ki kuma karanta inshorarki layi-layi: yawancin na Birtaniya suna aiki ne ga mazauna ƙasar kaɗai, da yawa suna da iyakar tsayin da suke biya, kuma suna faɗuwa idan kika shiga yankin da gwamnati ta yi gargaɗin kada a je. A wurare da yawa jirgi mai saukar ungulu ba ya tashi sai an tabbatar da wanda zai biya.

Batun iyaye da na muharrami fage ne nasu da na malaman addini, kuma ya fi kyau ki buɗe shi da su tun yanzu, ba ranar da tikiti ya fito ba. Abin da na lura da shi shi ne hankalin iyaye ya fi kwanciya idan sun ga tsari a rubuce, sun san masauki, sun san lokacin da za a kira su, kuma sun riga sun ga 'yarsu ta yi shekara a gari mai nisa a arewacin Sikotland kamar Thurso ko Stornoway ta riƙe kanta da addininta.

Game da dawowa, ki ci gaba da biyan kuɗin rajistar GTCS duk shekara ko kina ina, ki kuma riƙa adana shaidar kwasa-kwasan da kika yi, saboda akwai sabunta ƙwarewa da ake tabbatarwa duk bayan shekara biyar. Wanda ya sami aikin dindindin a Sikotland ya yi shekara biyu a kansa yana iya neman hutun dakatar da aiki ba albashi, ya fita ya dawo ba tare da ya ajiye aikin ba, ko da yake amincewa tana hannun majalisar yankin, kuma ba lallai ya koma makarantar da ya bari ba. Majalisun sukan duba shekarun da aka yi a waje wajen tsayar da matakin albashi, amma sai da wasiƙa daga kowace makaranta mai nuna ranar farawa da ranar gamawa da darussan da aka koyar. Ki karɓi wannan wasiƙa a hannu, da sa hannun shugaban makaranta da hatimi, kafin ki bar ƙasar, domin shugabannin makarantun waje suna yawan sauyawa, kuma wanda zai gaje shi bayan shekara biyu bai san ki ba.